Tarihin Karatun Ƙagaggun Labarai a Ƙasar Mafara da Kewayenta

Duk wanda ya tashi a zauren malamai, ko a Jangebe ne, ko Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, ya san cewa almajiri ba ya zaɓar wa kansa littafi. Malaminsa ne zai dube shi, ya auna hankalinsa da gwargwadon fahimtarsa, sa'an nan ya ce masa ya ɗauki Ahalari, in ya sauke ya shiga Ishmawi, daga nan Iziyya, har Allah ya kai shi Risala. Kuma kowane littafi da ya karanta yana iya faɗin wanda ya karantar da shi, da wanda ya karantar da malamin nasa. Wannan ɗabi'a ta karɓar littafi daga hannun wanda aka amince wa ba ta tsaya a ilimin addini kaɗai ba, domin sa'ad da ƙagaggun labarai na boko suka shigo ƙasarmu, inda babu maɗaba'a kuma babu babban kantin littattafai, ta wannan hanyar suka bi, daga hannu zuwa hannu, kowane da shaidar wanda ya miƙa shi. Saboda haka tarihin karatunsu a wurinmu, musamman labaran bincike da na ban tsoro waɗanda samari ke ƙishirwarsu, tarihi ne na mutanen da suka riƙa cewa ɗan'uwansu, karanta wannan.

Kafin takarda ta zo kunne ya riga ya ƙoshi. Ƙasar da ta haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura ya yi suna a fadar Maradun, ba baƙuwa ba ce ga fasahar magana. Tatsuniyar Gizo da makircinsa tana bakin kakanni, waƙoƙin Gambu na ɓarayi sun zaga ƙasar Sakkwato da Kabi da Zamfara, mutane suna saurare suna mamakin dabarun fataken dare alhali suna tsine wa sana'ar. A zaure kuwa malamai suna da tasu taskar, wadda a ganina ita ce asalin son labarin bincike a zukatanmu. Sun karantar da mu yadda aka gane gaskiyar Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta hanyar duba inda rigarsa ta yage. Sun ba mu labarin Alƙali Iyasu ɗan Mu'awiya na Basra, wanda ake buga misali da firasarsa, yadda yakan kama maƙaryaci da kalmar da ta suɓuce daga bakinsa. A cikin Dare Dubu da Ɗaya kuma akwai hikayar akwatin da masunci ya jawo daga kogin Dijla da gawar wata mace a ciki, Halifa Haruna Rashidu ya ba wazirinsa Ja'afaru kwana uku ya nemo wanda ya kashe ta ko a rataye shi. A Turai ana ƙirga farkon irin wannan adabi daga labarin da Edgar Allan Poe na Amurka ya buga a 1841, da Sherlock Holmes wanda Conan Doyle ya fito da shi a Ingila a 1887, amma mu tun gabanin haka mun san daɗin bin sawun mai laifi da hujja har a tona asirinsa.

Rubutaccen ƙagaggen labari na Hausa yana da ranar haihuwa sananniya. A shekarar 1933 wani Bature, Rupert East, shugaban hukumar talifi da ke Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙago labarai daga kansu, abin da ya yi wa da yawansu nauyi, domin a wurinsu alƙalami na ilimi ne da wa'azi, ƙarya kuwa sai a bar wa tatsuniya. Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar da aka buga a 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Abin lura, wanda masu tarihi ba su cika tsayawa a kansa ba, shi ne biyu daga cikin biyar ɗin labaran laifi ne. Idon Matambayi labarin ɓarayi ne da dabarunsu. Jiki Magayi kuwa labarin ramuwar gayya ne, inda attajiri ya ƙwace wa saurayi budurwarsa da ƙarfin dukiya, saurayin ya shiga duniya neman asirin da zai lalata ɗan da aka haifa, yaron ya tashi ɓarawo, har ƙaddara ta kai shi ga kashe mahaifinsa. Wato tun ranar farko marubucin Hausa ya fahimci cewa zuciyar mai karatu tana ɗaure da tambayoyi biyu, wa ya aikata, kuma me zai same shi.

Bayan haka Magana Jari Ce ta fito cikin juzu'i uku a ƙarshen shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta soma fita a watan Janairu 1939 da Abubakar Imam a kan kujerar edita, aka kafa kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Gusau da Ƙauran Namoda tun 1929 saboda gyaɗa da auduga, daga Gusau kuma hanyar mota ta bi ta Mafara zuwa Sakkwato, ta nan takarda ta riƙa gangarowa. Amma masu karatun boko a lokacin ƙalilan ne, malamin makarantar elimantare, da malamin haraji, da malamin asibiti, da magatakardan alƙali, saboda haka littafi ɗaya yakan wadaci unguwa guda, domin mutum ɗaya ne zai karanta a bayyane bayan sallar isha'i a gaban fitilar ƙwai, sauran suna saurare suna gyaɗa kai. A shekarun 1950 aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, aka kafa hukumar NORLA wadda ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, Lardin Sakkwato ya sami tasa mai suna Zaruma, manya suka shiga aji da yamma suna haɗa baƙi da wasali. A zamanin nan ne Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Da'u Fataken Dare na Tanko Zango suka shiga hannun mutane, kuma malamin ajin manya shi ne mai nuna wa ɗalibinsa abin da zai karanta in ya gama koyon abacada, kamar dai yadda malamin zaure ke yi.

Zamani na biyu ya zo da yawaitar makarantu. An kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a Zariya a 1966, ya gaji littattafan da suka gabata ya ci gaba da buga su, a 1976 kuma gwamnatin tarayya ta buɗe ƙofar ilimin firamare kyauta ga kowa, 'ya'yan talakawa suka cika azuzuwa. A cikin waɗannan shekaru ne aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, aka kammala ta a 1978, ma'aikata da akawuna da direbobi daga sassa daban-daban suka cika Mafara da kewayenta, kowa da abin da yake karantawa a aljihu. Samarin sakandare suka kamu da son James Hadley Chase, Baturen Ingila mai labaran 'yan fashi da masu kisa don kuɗi, har ya zama abin alfahari yaro ya lissafa nawa ya karanta. Sai kuma jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan da ya soma a 1977, wanda a cikinsa Mohammed Sule na Kano ya fitar da The Undesirable Element, yaran Arewa suka ga sunaye irin nasu da tituna irin nasu a cikin labari mai sa bugun zuciya. Mai ba da shawara a wannan zamani ya sauya kama, ya zama babban ɗalibi a ɗakin kwana, wanda ke ɓoye littafi ƙarƙashin katifa ya ba wanda ya ga dama aron kwana biyu. Littafin yakan dawo ba bango, wani lokaci ba shafin ƙarshe, sai wanda ya riga ya karanta ya cike wa sauran da baki.

Marubutan Hausa ba su zuba ido ba. A 1978 Abdulƙadir Ɗangambo ya fitar da Kitsen Rogo, labarin yaron ƙauye da ya bar gona ya tafi birni ya faɗa hannun miyagu. Gasar da NNPC ta shirya a ƙarshen shekarun 1970 ta haifar da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen littafi da Hausa, wadda Zamfara ke da rabo a cikinta, domin a jihar nan ta nemi tsayawa takarar gwamna a 2003. Sa'an nan gasar Sashen Al'adu na gwamnatin tarayya ta kawo, a 1982, littattafai biyu da har gobe ba a wuce su ba a fagensu. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona yadda fasa-ƙwauri da cin hanci suke ɗaure attajiri da ma'aikaci da igiya ɗaya. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuwa ya ba da labarin Mailoma, wanda ya shiga soja a yaƙin basasa, ya fito ya tara 'yan ta'adda da makamai ya zama annoba ga jama'a, har muguntarsa ta cinye shi. Mutanen da suka ga abin da ya auku a Bakolori a watan Afrilu 1980, sa'ad da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu, ba su bukaci a yi musu sharhin abin da waɗannan littattafai ke faɗi game da ƙarfi da zalunci ba. Wanda kuma ya sake buɗe littafin Gagare a yau, yana zaune a Maradun ko Bakura, zai ji tsigar jikinsa ta tashi, ganin cewa abin da aka ɗauka ƙage ne fiye da shekara arba'in da suka wuce ya zo ya kafa sansani a dazuzzukanmu.

Daga tsakiyar shekarun 1980 tattalin arzikin ƙasa ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma buga littattafan makaranta kaɗai, sai matasa suka ɗauki nauyin buga nasu da kuɗin aljihunsu. Talatu Wada Ahmed ta buɗe hanya da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta zo da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya girgiza kasuwa da In Da So Da Ƙauna a 1991, ƙungiyar Raina Kama ta tattara marubuta a Kano, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta mallake zukatan matan aure. Littattafan sirara ne, ana raba labari ɗaya kashi biyu ko uku, kuma marubuci yakan yanke kashin farko daidai inda numfashin mai karatu ya tsaya, domin dole ya nemi na biyu. Daga kasuwar Sabon Gari ta Kano 'yan kasuwa ke ɗauko su, su biyo ta Funtuwa da Gusau, ranar Talata a baza su a tabarma a kasuwar Mafara kusa da masu sayar da turare da carbi da Ƙawa'idi, daga nan masu cin kasuwa su kai su Jangebe da ƙauyuka. A nan ne aka sami sabuwar sana'a, wato haya. Na san wani mai ɗan shago da ya jera ɗaruruwansu a kan igiya, yana rubuta sunan mai aro a littafin lissafi, kuma bai taɓa miƙa wa mutum littafi ba sai ya tambaye shi wanne ya karanta a baya, ya ji daɗinsa ko bai ji ba. Yaron da aka aiko daga cikin gida yakan zo da saƙo cewa a ba da mai kama da na jiya, shi kuwa ya san abin da ake nufi. Wannan mutum bai yi karatu mai zurfi ba, amma ya san ɗanɗanon kowane gida a unguwarsa fiye da kowane manazarci.

Ko da yake sunan soyayya ya rufe wannan adabi, a cikinsa akwai reshe mai ƙarfi na bincike da ban tsoro. Bala Anas Babinlata, mai Ɗa Ko Jika? da Tsuntsu Mai Wayo, ya ɗauko saurin labari da ƙulla zare irin na Chase ya zuba su cikin Hausa mai daɗi. Nazir Adam Salih, mai Kibiyar Ajali, ya haɗa tsoro da al'ajabi. Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya cika hannun samari da labaran yaƙi da sadaukai. Masana suka rabu biyu a kan littattafan wannan adabi. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onitsha, yana ganin ba za su daɗe ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suka tsaya cewa duk abin da ya sa dubban mata da matasa karatu da harshensu ya cancanci nazari da girmamawa. Muhawarar ta ɗauki shekaru a shafukan jaridu, har ta kai a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Kano ta tattara littattafai daga hannun 'yan makaranta aka cinna musu wuta. Ba na musun cewa a cikinsu akwai na banza, masu batsa da rashin kunya, waɗanda uba nagari ba zai so su a ɗakin 'yarsa ba. Sai dai wuta ba ta san bambancin tsaba da tsakuwa ba, mutum mai karatu ne kaɗai ya sani, kuma maganin mugun littafi shi ne a sa kyakkyawa a hannun yaro tun kafin mugun ya riga shi.

Zamanin da muke ciki ya ɗauke labari daga takarda ya mayar da shi cikin waya. Marubuta, mafi yawansu mata, suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, mai so ya biya ta banki a sa shi cikin zaure, gidajen rediyo suna karanta littattafai ga wanda bai iya karatu ba, Sashen Hausa na BBC ya kafa gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, Cibiyar Gusau da Janar Aliyu Mohammed Gusau ya kafa a Kaduna ita ma tana shirya gasar marubutan Hausa. Ɗalibar kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau da ke Mafara tana iya karanta abin da aka rubuta a Maraɗi ko Kumasi a daren da aka rubuta shi. Alheri ne babba, amma ya zo da rauni guda, wato labari yana isowa ba tare da isnadi ba, ba a san wanda ya rubuta ba balle wanda ya tantance, mai shagon haya da ke tambaya kafin ya miƙa ya rufe shagonsa, babu kuma wanda ya gaje shi.

Sai ga shekarar 2021, wadda ba za ta goge daga zukatanmu ba. A daren 26 ga Fabrairu 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Jangebe suka kora ɗalibai cikin daji, aka sako 279 a ranar 2 ga Maris. A watan Agusta aka afka wa kwalejin aikin gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Aka rufe makarantu, aka dakatar da kasuwannin mako, aka katse layukan waya a faɗin jihar na tsawon makonni. Hanyoyi uku da littafi ya saba bi zuwa gare mu, makaranta da kasuwa da waya, duk suka toshe a shekara ɗaya, wanda ya tsira da abin karantawa shi ne wanda ke da tsohon littafi a ƙasan akwati da maƙwabcin da zai ara masa. Wani zai ce mutanen da suka ga tsoro da idonsu ba su da bukatar labarin tsoro. Ni kuwa na ga akasin haka, domin kyakkyawan labarin bincike yana koya wa zuciya cewa laifi yana da mai shi, yana da dalili, yana da masu ɗaure masa gindi, kuma mai haƙuri da hankali yana iya bin zaren har ya kai ga tushe. Al'ummar da aka saba gaya mata cewa wasu da ba a san ko su wane ne ba suka aikata, tana bukatar wannan darasi fiye da kowa.

Saboda haka nasihata ga duk wanda Allah ya hore wa karatu a Jangebe da Mafara da Bakura da Maradun, malamin makaranta ne ko uwa ko yaya, ita ce ya ɗauki matsayin da malamin zaure da mai shagon haya suka riƙe, ya sani kuma amana ce. Kada ya yaba littafin da bai karanta har ƙarshe ba. Ya duba ko Hausarsa tsarkakakkiya ce, ko marubucin ya yi wa mai karatu adalci ta hanyar shimfiɗa alamu kafin ya warware ƙulli, ko ya nuna laifi da muninsa da sakamakonsa ba tare da ya ƙawata shi ba. Ya auna shekarun wanda zai ba, ya bi da shi daki-daki: yaro ya soma da Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja, in ya tasa a ba shi Jiki Magayi da Kitsen Rogo, in hankalinsa ya nuna a miƙa masa Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa, sa'an nan a sake shi cikin na zamani tare da shawara. In ya dawo da littafin a zaunar da shi a tambaye shi abin da ya gani a ciki. Masu hali daga cikinmu su sayi ko da kwafi ashirin su ajiye a makarantar 'yan matan garinsu, sadaka ce mai gudana. 'Ya'yanmu da suka ga abin da suka gani kuma a ba su alƙalami da takarda, a ƙarfafa musu gwiwa su rubuta, domin labarin ƙasar nan yana nan ba a rubuta shi ba tukuna, kuma su ne suka fi kowa cancantar rubuta shi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da yaranmu makarantunsu cikin aminci.